Sunan da Ke Buɗe Akwatin Malam

Shekara bakwai ke nan da aka fita da Malam daga gidan nan na Tudun Wadan Zariya a kafaɗun mutane, kuma har yau in aka taɓa ƙyauren zaure da hantsi sai in ɗaga kai in duba. Ban iya rubutu ba, ban iya karatun boko ba. 'Yata Safiya ce zaune a gabana da biro, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biron ta jira ni. Na gaya mata in ta gama zan kai wa maƙwabciyata ta sake karanta mini tun daga farko kafin a kai wa jarida, in ji ko an ƙara ko an rage. Ta ce, "Inna, har ni?" Na ce har ke. Ba laifinki ba ne, a gidan ubanki na koyi wannan hali.

Sunansa bai taɓa fita a bakina ba tun da aka kawo ni gidansa, kuma ba yau zan fara ba. Safiya ce ta sa shi a nan da hannunta: Malam Iro Mai Tafireta. Tsofaffin ma'aikatan jami'a a reshenta na Kongo za su tuna shi, don a wani ofishi can ya yi ta buga takardu har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsoron Allah, mai sauƙin ciyarwa, ba ya cin abin wani. Amma bai yarda da kowa ba. Baƙar takardar nan ta kabon da ake sawa a tsakanin takardu, ba ya jefar da ita sai ya ƙone, wai in aka ɗaga ta a rana ana iya karanta abin da aka buga. In ya kai makulli a yanka masa wani, tsaye yake a kan mai yankan har a gama, ya kuma duba ƙasa ko an yar da na uku. A da ina yi masa dariya. Yanzu ga ni nan ina neman wanda zai bi bayan rubutun 'yar cikina.

Ranar tunawa da Malam ce, amma ba yadda zan yi in yi zancensa ba tare da na ɗanmu na fari ba, wanda ƙannensa ke ce wa Yaya Babba. Yaron nan ya ajiye karatu ana tsakiyar zango, ya ce zai bi ta Agadas ya ƙetara neman aiki. Suka yi ta da ubansa a tsakar gida, maganganu masu zafi suka fita, har Malam ya ce masa in ya taka ƙofar zaure kada ya ƙara tunanin yana da uba. Ya taka. Daga ranar Malam bai sake tayar da zancensa a gaban kowa ba, har dangi suka ɗauka ya cire shi daga ransa.

Bayan wajen shekara biyu wani abokin tafiyarsa ya dawo, ya shigo gaishe ni. Ya ce yaron yana nan da rai, yana aikin shimfiɗa tayil a gidajen Larabawa, ba shi da tsayayyar waya, amma yakan shiga shagon intanet ya duba imel. Ya bar adireshin a hannun Safiya. Malam yana bakin rijiya yana alwala, yana jin komai. Mako bai zagayo ba sai ga kwamfuta an turo a baro, irin mai ƙaton ƙeya da akwatinta a gefe. Ya ce wai zai riƙa buga wa ɗaliban Kongo takardunsu don ya rage zaman banza. Na san ba don ɗalibai ba ne. Shi ma ya san na sani, muka bar ta a haka.

Wanda ya zo haɗa ta Mista Obi ne, mutumin kudu da ya daɗe a unguwar nan, yana da shagon kayan lantarki a bakin titi, kuma shi ne wakilin kamfanin da ke ba da intanet. Kamfanin yakan ba duk wanda ya shiga akwatin imel nasa na kansa. Yara suka ce, "Baba, ka buɗe na kyauta irin wanda kowa ke yi." Ya ƙi. Ya ce abin da aka ba shi kyauta, ranar da ya ɓace wuyan rigar wa zai riƙe? Shi yana son kamfanin da ke da ofis mai ƙofa, inda zai je ya zauna a benci har a saurare shi. Kuma ba ya son ya riƙa zuwa leƙen wasiƙunsa a gidan wasu. So yake su sauko cikin kwamfutarsa, a ɗakinsa, kamar yadda masinja ke kawo takarda har zaure.

Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa a faranti ranar da aka saita abin, duk ina ji. Mista Obi ya buɗe manhajar karanta wasiƙu, ya ɗauko takardar da kamfani ya bayar yana kwafa. Ya sa sunan Malam, ya sa adireshin. Sai ya ce yanzu saura ƙofar da wasiƙa ke shigowa da ƙofar da take fita, kowacce da sunanta da lambarta.

Malam ya ce, "Tsaya. Me ya sa ƙofa biyu? Wa ke tsaye a ta biyun?"

Mista Obi ya yi dariya ya ce, "Baba, wallahi ba kowa."

"Ka taɓa zuwa ka gani da idonka?"

"Ban je ba, Baba."

"To ka daina rantsuwa a kan abin da ba ka gani ba, ko da addininmu ba ɗaya ba."

Haka suka wuni. Da aka zo kan tambayar ko za a riƙa barin kwafin kowace wasiƙa a rumbun kamfani bayan ta sauko, Malam ya ce sam, kada a bar ko ɗigo. Mista Obi ya gaya masa gaskiya, cewa ranar da kwamfutar ta mutu, duk abin da ke cikinta ya tafi ke nan. Malam ya ce gara su tafi da a ce wani ɗan boko sanye da taye a wuya yana karanta sirrin gidansa yana shan lemo. Da aka zo kan kalmar sirri, wadda ita ce makullin akwatin, sai ya ce wa Mista Obi ya ɗan je zaure ya sha iska. Ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe yatsunsa, sannan ya buga. Da baƙon ya dawo ya nuna masa wani ɗan gurbi a gilashin, ya ce in aka danna nan kwamfuta za ta riƙe kalmar, ba sai an riƙa bugawa kullum ba. Malam ya kama hannunsa. Ya ce, "Kada ka taɓa. Ni zan riƙa bugawa da kaina." Mista Obi ya ce a duk Zariya bai taɓa ganin mai son wahalar da kansa haka ba.

Daga nan abin ya zama masa kamar lazimi. In ya karya kumallo, in akwai wuta ko ya tayar da ɗan janareto, sai ya zauna, ya ja hannun riga ya rufe yatsu, ya buga, ya jira. Abin yakan yi mini ciwo. Ni da ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, me zan gani da har ake rufe mini? Na ɗauka rashin yardarsa ce ta iso kaina, bayan shekarun da muka kwashe tare. Ban tambaye shi ba.

Ranar da amsar farko ta zo, sai na ji ya ce, "Ke, zo ki ji." Bai ce daga wa take ba. Ya karanta mini cikin muryar da yake karanta takardar ofis, sai dai takardar ofis ba ta sa shi tsayawa yana gyaran murya a kowane layi. Yaron ya tambayi ciwon gwiwata. Ya tambaya ko gwaibar tsakar gida tana nan. Ya ce a gaida Baba, alhali ya san Baban ne ke karantawa. Haka muka yi 'yan shekaru, wani lokaci wata guda a ji shi, wani lokaci sai damina ta wuce. Kusan kullum da sabon adireshi yake zuwa, don in ya sauya gari yakan manta makullin tsohon ya buɗe wani. Abu ɗaya ne bai taɓa sauyawa ba, akwatin Malam. Adireshinsa kaɗai yaron ya haddace. Daga baya sai shiru. Malam ya yi ta aikawa, wasiƙun suna dawowa, wai babu mai wannan adireshi. Duk da haka bai fasa zama da safe ba har ciwo ya kwantar da shi.

A kwancen ne, wata rana bayan la'asar ina goge masa ƙafa, ya ce in matso. Ya ce, "Makullin akwatin nan, sunan nan ne. Na farkon." Nan take na gane, kuma dole in yi wa mai karatu bayani. Ranar da aka haifi yaron, Malam ne da kansa ya yi masa huɗuba, ya raɗa masa suna a kunne, sunan wani dattijo mutumin Barno da ya koya masa tafireta yana saurayi. Ni kaɗai ya gaya wa, kamar yadda aka saba, ana jiran ranar suna. Ana gobe suna sai mahaifin Malam ya iso daga ƙauye ya ce sunan wansa marigayi za a sa. Malam bai yi musu da ubansa ba. Aka yanka rago da wancan suna, aka yi rajistar makaranta da shi, duniya ta san shi da shi. Na farkon ya rage tsakanina da Malam, ko shi yaron bai san da shi ba. Kuma ɗan fari ne, ni ba na kiran sunansa, ubansa ma ba ya kira. Malam ya ce, "Na san a wurinki ba zai fita ba." Na ce, "Wato dai don ka san bakina a ɗaure yake shi ya sa ka gaya mini." Ya yi murmushi, bai ƙaryata ni ba.

Ina cikin takaba wuta ta zo da ƙarfi wata rana ta ƙone kayan unguwa, har da kwamfutar. Mista Obi ya buɗe cikinta ya girgiza kai. Duk wasiƙun yaron sun tafi, da ta gwiwata, da ta gwaiba, ba kwafi a ko'ina. A nan ina da ƙorafi a kan Malam, Allah ya gafarta masa, kuma in da zai dawo zan faɗa masa ido da ido. Tsoron kada baƙo ya karanta ya sa ni ma na rasa. A lokacin na ɗauka magana ta ƙare. A sanina akwatin yana cikin kwamfutar ne, tunda ta ƙone to ya ƙone. Safiya kuma ta ɗauka tunda an daina biyan intanet kamfani ya rufe shi tuntuni. Babu wanda ya gaya mana wani abu daban, mu ma ba mu tambaya ba.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Malam zai ce da ya ga zamanin nan. Jikokinsa suna nuna wa waya fuskarsu ta buɗe, suna dangwala mata yatsa ta buɗe. Waya ta san inda suka kwana, ta san abin da suka ci, ta riƙe musu kowane makulli har su kansu sun manta. Kullum kuma ana kirana a tawa ƙaramar wayar, wata murya mai zaƙi ta ce daga banki ne, in faɗi lambar da aka turo. Nakan ce su zo gida su same ni, akwai tabarma a zaure. Ba wanda ya taɓa zuwa. Da Malam na nan da ya tattara wayoyin gidan nan ya kulle a adaka, a yi ta kuka. Da kuma na tsaya a bayansa.

Akwai ƙanin Malam, Alhaji Sani, mai sayar da hatsi a Dutsen Abba. Tun ina amarya muke wasa da shi, yana ce mini matarmu, ina ce masa malalaci. Amma tun bayan rasuwar, wasan ya sauya ɗanɗano. Shi dai maganarsa ɗaya ce: a je gaban alƙali a ce yaron nan ba ya raye, a yi masa addu'a, a raba gado kowa ya san matsayinsa. Yana cewa don marayu yake yi, ginin yana tsufa, ba a iya sayarwa ba a iya gyarawa. Mai yiwuwa da gaske yake. Amma na lura duk zuwan da zai yi sai ya tsaya ya ƙare wa katangar bakin titi kallo, inda shaguna za su iya fita. Ni kuwa ban ga gawa ba, ban ga wanda ya ga gawa ba, ba zan karɓi gaisuwar ɗana ba.

Bana, bayan ƙaramar salla, sai ga Mista Obi, furfura ta cika masa kai. Ya ce kamfani ya aiko wa wakilansa cewa zai share tsofaffin akwatunan da ba a buɗewa, kuma ya ga na Malam a ciki. Na ce wane akwati, wanda ya ƙone? Ya ce ai akwatin bai taɓa zama a gidan nan ba, yana can wurin kamfani, kwamfuta ɗebowa kawai take yi. Duk abin da aka aiko tun ranar da Malam ya daina zama yana can a tare, ba wanda ya ɗebo. Shekara bakwai ina kukan ƙofar da na ɗauka an toshe, ashe tana nan, kuma makullinta yana bakina.

Ban nuna masa komai ba. Na fara tambayar kaina, shi mene ne ribarsa da ya tako har gida? Safiya ta ce, "Inna, mutumin nan mutunci ya yi mana." Na ce za mu gani. Ban san yadda aka yi labari ya kai Dutsen Abba ba, washegari sai ga Alhaji Sani tun da hantsi. Ya ce kada in damu, shi zai karɓo takardar kotu a matsayinsa na babba a gida, ya kai wa kamfani su sauya makulli su ba shi, ya duba mana. In akwatin ya shiga hannunsa, ya dawo ya ce babu komai a ciki, da me zan ƙaryata shi? Ni ba karatu ba, kuma abin da aka goge a na'ura ba ya barin toka. Na ce a'a, a gidan nan aka saita shi da fari, a gidan nan za a sake saita shi, a gabana.

Safiya ta samo wata tsohuwar kwamfuta ta tebur a shagon Mista Obi, aka ɗora a kan teburin Malam. Na ɗauki kujerata na zauna a bakin ƙofa, daidai inda na zauna wancan karon. Mista Obi ya sa suna, ya sa adireshi, ya sa ƙofar shigowa da ta fita. Ya ce lambobin ƙofofin sun sauya, yanzu wai an ƙara musu tsaro. Sai na ji bakina ya ce, "Wa ya sauya su? Wa ya gaya maka?" Ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Mama, ashe Baba bai tafi duka ba."

Da aka zo kan makulli, Alhaji Sani ya gyara zama. Ya ce ai ya san yayansa kamar yunwar cikinsa, a sa sunan mahaifiyarsu. Aka sa, ya ƙi. Ya ce a sa lambar tsohon babur ɗinsa. Ya ƙi. Ya ce a sa sunan ƙauyensu. Ina zaune ina kallonsu, ban ce na sani ba, don ina son in ga iya gudun kowa. Ko sau ɗaya Alhaji Sani bai kawo yaron a ransa ba. Mista Obi ya ɗaga hannu ya ce a dakata, in aka ƙara kuskure kamfani zai kulle akwatin, daga nan sai dai takardar kotu. Alhaji Sani ya ce, "To ai shi ke nan, matarmu, abin da na faɗa tun farko. A bar mini."

Na ce, "Malalaci, tashi ka je zaure ka sha iska. Kai ma Mista Obi ka san hanya, ba yau aka fara korarka ba."

Suka fita. Na sa Safiya ta tura ƙyaure, ta leƙa taga. Na ce mata na san makullin, suna ne. Ta ce na wa? Na fara kewaye-kewaye irin namu na mata. Na ce akwai wani mai gyaran keke da ya taɓa zama a Tudun Jukun, sunansu ɗaya. Ta ce, "Dogo? Inna, wa ya san sunan Dogo na gaskiya? Kuma ya bar gari tun ina firamare." Na nemi wani mai irin sunan a duk dangi da unguwa, ban samu ba. Na ce sunan yayanki ne, amma ba wanda kika sani ba. Ta saki baki tana kallona. Daga zaure ina jiyo muryar Alhaji Sani yana tambayar Mista Obi a ina ofishin kamfanin yake.

Fiye da shekara arba'in sunan nan yana cikina, ban taɓa jin sa da muryata ba. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na ji kamar uwata da kakata suna tsaye a kaina suna kallon rashin kunyata. Na ja mayafi na rufe fuska, na faɗa. Safiya ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, kamar mai kiran yaro daga bayan gida ya zo ya ci abinci. Daga nan kuka ya ƙwace mini. Ita ma tana kuka ta buga.

Akwatin ya buɗe. Wasiƙu suka yi ta saukowa kamar an fasa buhun gero. Muka kira mazan suka dawo, na ce Safiya ta karanta mini daga wa kowacce ta fito, ɗaya bayan ɗaya, kada ta tsallake. Masu tallan magani, masu cewa Malam ya ci wata gasa, sanarwar kamfani, wani tsohon ɗalibi yana gaisuwa bai san an yi rasuwa ba. Har ƙasa. Babu ta yaron. Alhaji Sani ya sauke numfashi ya ce, "Kin gani ko? Shekara bakwai."

Mista Obi ne ya ƙura wa gilashin ido, ya ce akwai abin da ya kamata mu sani, ko da ba zai yi mana daɗi ba. Wasiƙa ta ƙarshe a ciki ta kusa shekara biyar da zuwa. Akwatin ƙarami ne, tarkacen talla ya cika shi tun lokacin, kuma akwatin da ya cika ba ya karɓa. Duk wanda ya aiko bayan nan, mayar masa da abinsa aka yi. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Wato in yaron nan ya rubuto bara, ko bara waccan, abin da ya samu shi ne wasiƙarsa ta dawo masa daga ƙofar ubansa. Uban da ya taɓa ce masa kada ya ƙara tunanin yana da uba. Ban san ko ya rubuto ba. Amma babu mai iya ce mini bai rubuto ba, kuma wannan na riƙe.

Alhaji Sani ya miƙe. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Wallahi, Yaya, na so a ce an samu." Idonsa ya yi ja. Ban sani ba ko har zuci ne. Bai kalli katanga ba ranar, wannan na lura. Maganar alƙali bai janye ta ba, ya dai ce a ƙara jira, ni kuma ina sa ido.

Saura tambayoyi biyun nan da aka yi wa Malam, yanzu ni aka yi wa. Ta barin kwafi a wurin kamfani, na ce a bari, amma a riƙa share na tarkace kada ya sake cika. A nan na saɓa wa Malam, kuma ban yarda da kamfanin ba ko kaɗan, sai dai wuta ta koya mini abin da ba ta koya masa ba. Sai Mista Obi ya kai 'yar kibiyar da ke yawo a gilashin kan ɗan gurbin nan na riƙe makulli, ya ce, "Mama, wannan karon dai a danna, ko? A huta." Na buɗe baki zan ce to. Sai na tuno hannun rigar nan da ke rufe yatsu kowace safiya. A nan na gane abin da ban gane ba duk tsawon zamanmu. Mutumin da kunya ta hana shi kiran ɗansa, fushi kuma ya hana shi ambatonsa a gaban mutane, ya samo wa kansa hanyar da zai kira shi kullum da yatsunsa, da sunan da shi ya zaɓa masa. Da kwamfuta ta riƙe, da ta raba shi da wannan. Rashin yarda yana ciki, ba na musu, Malam ne. Amma ba ni yake ɓoye wa makulli ba. Kansa yake rufewa kada in ga uba yana kiran ɗan fari. Na ce wa Mista Obi, "Kada ka taɓa."

Abin da ya rage mini na Malam ke nan. Tafiretarsa ta yi tsatsa, rigunansa an rabar, wasiƙun da ya karanta mini sun ƙone. Ya bar mini halinsa na bin diddigi, wanda ke gajiyar da 'ya'yana, ya kuma bar mini zaman nan na safe. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa zafin bakinsa na rana ɗaya, ya duba shekarun da ya yi yana gyara shi a ɓoye. Duk wanda ya san gidanmu kada ya wahalar da kansa da hasashe, ba sunan da kuka sani ba ne, kuma na hana Safiya rubuta shi ko a bayan takarda.

Yanzu kullum kafin ta wuce makarantar da take koyarwa, Safiya takan biyo ta kunna kwamfutar. Ta haddace makullin tun ranar farko, na sani. Amma takan ɗora yatsunta ta jira, ba ta bugawa sai na faɗa. Na daina rufe fuska.

Kai kuma, in kana raye, in jaridar nan ta kai inda kake, ko wani ya karanta ya ba ka labari: ubanka ya rasu shekara bakwai da suka wuce, bai rasu yana fushi da kai ba. In ka aiko aka mayar maka, ba korarka aka yi ba, akwatin ne ya cika. An kwashe shi, yana nan a adireshin da ka haddace. Gwaibar tana nan, gwiwar ma tana nan. Kana da wani suna da ba ka taɓa ji ba, ubanka ya kira ka da shi har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu ni ke kira. Ka rubuto in gaya maka shi da bakina.